Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan kasuwar da ke zaune a Majalisar Dokokin Jihar Kaduna

Ranku ya daɗe,

Ina gaishe ku, ina kuma yi muku fatan alheri, ku da iyalanku. Ni mai sayar da yadi da atamfa ne a cikin garin Kaduna, ban kuma taɓa taka zaurenku ba. Iyakata in wuce ta gaban Lugard Hall a cikin keke, in hangi ƙubbar ginin daga bakin titi. Ku 34 ne a ciki, kuma takardar nan ta kowa ce, amma na fi nufin duk wanda a cikinku ya taɓa buɗe shago da sassafe da hannunsa, ko gidan mai gare shi, ko hatsi yake saye a Saminaka, ko citta yake tarawa a Kachia, ko motocin haya yake da su a kan hanya. Da ku nake son magana, domin yarenmu ɗaya. Abin da nake son sani shi ne, idon nan da kuke duba littafin ciniki da shi, a ina kuke ajiye shi idan za ku shiga zaure?

Ba haka kawai na yi tambayar ba. Na yi shekaru ina yaron shago a hannun wani mutum da ya zauna a kujera irin taku a wata majalisa da ta shuɗe. Ba zan kama sunansa ba, ba zan faɗi mazaɓarsa ba, yana raye kuma ubangidana ne har gobe. Alhaji nake ce masa, a nan ma haka zan kira shi.

Alhaji ya zo Kaduna yana ɗan saurayi, lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana. Da dako ya fara, yana ɗaukar dila a ka. Daga nan ya koma sayen guntayen yadi yana kasawa a kan tabarma kusa da ƙofar masaƙa, ma'aikata su ɗauka bashi, ƙarshen wata su biya. Bai yi boko mai zurfi ba, amma ya iya rubuta suna da lamba, kuma tun a kan tabarmar nan ya fara riƙe littafin bashi. Sa'ad da mahaifina ya kai ni wurinsa, shaguna uku gare shi. Idan ya murza bakin atamfa tsakanin babban yatsa da manuni, zai gaya maka ta Kakuri ce ko ta waje, ya kuma gaya maka ko za ta zuba a wankin farko.

Abin da ba na mantawa shi ne lissafin yamma. Bayan magariba sai a ja ƙofar shago rabi, a kunna fitila, ya zauna a kan dila da littafi a cinya. Ni ina ƙirga kuɗi, ɗayan yaron yana ƙirga turamen da suka rage a kanta. Wata rana lissafi ya ƙi cika, abin da ya ɓata bai kai kuɗin tuwon mutum biyu ba. Na ce, "Alhaji, a cire a cikin nawa mu tafi." Ko kallona bai yi ba. Muka sake ƙirgawa, muka sake, aka kira isha'i, masu gadi suka fara zagayawa da tocila. Sai da muka janye diloli ɗaya bayan ɗaya, muka sami takardar kuɗin ta faɗa bayan wani bandir na shadda. Ya ɗauka, ya kaɗe ƙurar, ya miƙo mini ya ce in sayi ƙosai. Wato ba kuɗin ne suka dame shi ba, so yake ya san inda suka shiga.

Sai masaƙu suka fara mutuwa. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe tun 1957, ta rufe a 2002. Masaƙar UNTL ta bi baya a 2007. Kakuri da Makera suka yi tsit, mutanen da ke cikin littafin Alhaji suka zama ba su da albashin da za su biya da shi. Shafi nawa ya ja wa layi ya ce ya yafe, Allah kaɗai ya sani. Muka koma sari a Kantin Kwari a Kano, kayan waje zalla. A wannan lokacin ne manyan unguwa suka fara sintiri a shagon, suna cewa, "Alhaji ka fito, kai ka san ciwonmu." Shi ma ya yarda. Na ji da kunnena yana cewa dole a sami wanda zai je can ya yi maganar kasuwa, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ku kun fi ni sanin abin da ke biyo baya. Kuɗin fom, kuɗin daliget a zaɓen fid da gwani, fosta, motocin kamfe, wakilan akwati, matasan da ake ba na shan ruwa. Kafin ranar zaɓe shago ɗaya ya tafi. Ya ci, muka yi murna, muka raka shi rantsuwa da anko.

Tun daga makon farko ƙofar gidansa ta zama wata kasuwar. Kafin a idar da sallar asuba mutane sun jeru a kan dakali: mai takardar asibiti, mai kuɗin makaranta, wanda matarsa ta haihu babu ragon suna, wanda mai gida ya ba shi notis, wanda kawai ya zo gaisuwa amma ba zai tashi ba sai an sallame shi. Alhaji ya koma "Honorabul", aljihunsa cike da ambulan. Kada in yi muku ƙarya, ni ma na taɓa zama a kan dakalin nan, lokacin auren ƙanwata. A cikin dukanmu babu wanda ya taɓa tambayarsa wane ƙuduri ake muhawara a kai a makon. Wannan laifinmu ne mu masu zaɓe, ba na ɗora muku shi. Mun mai da ɗan majalisa famfo, kowa da bokitinsa, sa'an nan mu yi mamaki idan ya tafi neman inda zai jawo ruwa.

Inda ya jawo shi ne abin da ya sa na ɗauki biro. Albashi da alawus ba su isa ciyar da dakali ba. Shagunan kuwa ya bar wa ƙaninsa, mutumin kirki amma ba shi da ido, jari ya fara zurarewa. Sai muka ji an ba wani kamfani kwangilar gyaran azuzuwa a wata makarantar firamare, kamfanin kuwa sunan ɗan Alhaji ne a takardarsa, yaron da a lokacin bai gama karatu ba. Aka yi aikin yadda aka saba yi: fenti a waje, kwano mai sirara a sama. Damina ɗaya iska ta yaye shi. Kwamitin da ya je duba ayyuka a yankin, Alhaji na cikinsa. Mutumin da ke gane atamfar da za ta zuba tun ba a wanke ba, ya tsaya a ƙarƙashin wannan rufi bai ce uffan ba. Wanda ya ci ladan kuturu, ai kun san sauran.

Wata rana na kai masa shaddar sallah a gida, na tarar da wani tulin takardu a kan kujera, ɗaure da igiya, ko kwance ƙullin ba a yi ba. Na ce, "Alhaji, wannan fa?" Ya ce kasafin kuɗin jiha ne. Na ce ai na ji a rediyo kun amince da shi. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, wa zai karanta wannan dila? An kira mu an ce sama ta gama magana, aka ce masu goyon baya su ce eh, muka ce eh." Na tuna daren nan da muka janye diloli a kan kuɗin ƙosai. Ban ce komai ba, don ba a yi mini tarbiyyar mayar wa babba magana ba. Amma abin ya tsaya mini a wuya har yau.

Ranku ya daɗe, ni ba lauya ba ne. Ɗan maƙwabcina da ya karanta shari'a shi ya zauna da ni ya fassara mini wasu sassa na kundin tsarin mulkin 1999, na kuwa sha mamakin irin ƙarfin da aka ba ku. A bisa ƙa'ida gwamna ba ya da ikon cire kuɗi daga asusun jiha sai da dokar kasafi da ta bi ta hannunku. Sashe na 128 da na 129 sun ba ku ikon binciken kowace ma'aikata, ku kira duk wanda kuke so ya zo ya yi bayani, wanda ya ƙi zuwa ku sa a kawo shi. Sashe na 125 ya ce babban mai binciken kuɗi na jiha ku yake kawo wa rahotonsa, ku kuma ku ba kwamitin asusun gwamnati ya duba. Idan gwamna ya ƙi sa hannu a doka, kashi biyu cikin uku na cikinku sun isa su tabbatar da ita ko ba shi. An ma yi gyara a 2018 don majalisun jihohi su riƙa karɓar kuɗinsu kai tsaye, kada su riƙa zuwa gidan gwamnati da ƙoƙon bara. Da harshenmu na kasuwa, gwamnati ita ce yaron shago, jama'a su ne masu jari, ku kuma aka wakilta ku zauna a kan dila da littafi bayan magariba.

Kundin nan kuma bai manta da irinku ba. A ƙa'idojin ɗa'a da ke jadawali na biyar, sakin layi na farko ya ce kada mai riƙe da muƙami ya sa kansa inda amfanin kansa zai yi karo da aikinsa. Na biyu ya hana wanda ke aiki na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, noma kaɗai aka ware. Sashe na 94 kuwa ya ce ba za ku hau kujera ba sai kun bayyana kadarorinku. To dukanmu mun san yadda ake zagaye wannan: a sa sunan ɗa, ko na mata, ko na ƙani, takarda ta fita fes, waya kuma tana aiki da daddare. Ni ban ce ku watsar da dukiyar da kuka yi shekaru kuna tarawa ba. Ɗan majalisar da ke da abin kansa ya fi ƙarfin a saye shi da mota, na yarda da wannan. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Mai kamfanin gine-gine kada ya zauna a kwamitin da ke duba ayyuka. Mai sayar da magani kada ya duba sayayyar asibitoci. Wanda ɗan'uwansa ke neman kwangila a wata ma'aikata ya miƙe a zaure ya faɗa, ya fita har a gama maganar. Fom ɗin kadarorin da kuke cikewa ku kai wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata yana kwance a durowa, talaka ba ya ganinsa. Me zai hana majalisa ta buɗe nata littafin, kowa ya rubuta kamfanonin da yake da hannu a ciki, a liƙa inda mai wucewa zai karanta? A kasuwa, dillalin da ke karɓar la'ada a wurin mai saye da mai sayarwa a ɓoye, ranar da aka gane shi ranar ya gama dillanci.

Zauren da kuke zaune ba baƙon magana mai nauyi ba ne. A majalisar Arewa ta nan Kaduna ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a 1950 ya nemi a gyara mulkin En'e, a zamanin da faɗin haka sai mai ƙarfin hali. Majalisar jihar nan ce kuma ta fara tsige gwamna a tarihin Nijeriya, a watan Yunin 1981, lokacin da 'yan jam'iyyar NPN masu rinjaye suka cire Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, bayan sun ƙi amince masa da kwamishinoni. Dattawan kasuwa har yanzu suna gardama a kan wannan, akasarinsu suna ganin rigimar jam'iyya ce aka yi wa rigar doka. Ko ma mene ne, ya nuna gidan yana da haƙora. Abin takaicin shi ne ba a cika ganinsu ba sai an ɓata da mai mulki, ko kuma bayan ya sauka.

Ku dubi maganar bashi. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya faɗa a bainar jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Majalisa ta kafa kwamiti, a watan Yuni ya kawo rahoto yana zargin gwamnatin da ta gabata, tsohon gwamna Nasir El-Rufa'i ya musanta ya tafi kotu. Ba ni da hurumin cewa wane ne mai gaskiya. Abin da na sani a matsayina na ɗan kasuwa shi ne, bashi ranar da za a ci shi ake dubansa: nawa ne, me za a saya da shi, yaushe za a fara biya, da wane kuɗi. Bashin dala kuma, duk wanda ya taɓa sarin kayan waje ya san abin da ke faruwa idan naira ta faɗi, kamar yadda ta faɗi daga 2023. Irin wannan bashi ba ya ciyuwa sai majalisa ta amince. Ranar da aka kawo takardar neman amincewa, 'yan kasuwar da ke zaure a lokacin su ya kamata su fara ɗaga hannu su yi waɗannan tambayoyi, don sun fi malamin makaranta da lauya sanin ɗacin ranar biya. Yanzu ma za a ci gaba da kawo muku irin waɗannan takardu. Ina roƙonku ku kwance igiyar.

Sai maganar haraji, wadda ita ce ke taɓa mu kullum. Dokar haraji ta 2016 ta tattara karɓar kuɗin shiga a hannun hukuma ɗaya, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Doka ce mai kyau, mun yi maraba da ita. Amma ku zo ku zauna a bakin shago na yini ɗaya ku ƙirga masu zuwa da ɗan littafin rasit, kowa da kalar rigarsa, wani ka tambaye shi daga ina ya ce kai dai ka biya. Mai babban kanti yana da lambar wayar da zai kira. Mai tebur, da matar da ke soya awara a bakin hanya, da yaron da ke tura baro, su ke biya ba gardama. Gyaran wannan ba ya bukatar sabuwar doka, kwamiti ɗaya ne zai bi sawun wadda ake da ita ya ga inda take yoyo.

Haka zancen kasuwanni. Da aka rushe Kasuwar Barci a 2020 don a sake ginawa, babu mai musun cewa tsofaffin rumfunan sun tsufa. Amma wanda ya taɓa biyan hayar shago ya san ginin zamani da tsada yake zuwa, kuma mai ƙaramin jari idan ya yi wata shida ba wurin zama, uwar kuɗin ya cinye. Duk lokacin da za a taɓa wata kasuwa a jihar nan, a Kawo ne ko a Sabon Garin Zariya ko a Kafanchan, ku ya kamata ku riga kowa tambaya: ina za a ajiye mutanen kafin a gama, nawa za a sayar da shago, wa zai fara samu. Manoman citta na Kachia da Jaba da Kagarko da cuta ta cinye musu gona a 2023, su ma 'yan kasuwa ne da jarinsu ya ƙone a ƙasa, kuma abin da aka ware da sunansu a takarda ya cancanci a bi shi har gona a ga ko ya isa.

Na san za ku ce kuna raba kekunan ɗinki da injin markaɗe da babura. Allah ya saka da alheri, wasu sun amfana. Sai dai na sha ganin keken ɗinkin nan ya dawo kasuwa kafin mako ya zagayo, da sitikar hoton mai rabawa ba a ko ɓare ba, an sayar rabin kuɗi an sayi masara. Kundin ya ce ku zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Da za a ɗauki kwana biyu kacal a ciki, kafin a amince da kasafin baɗi, kwamitin kasuwanci da na kuɗi su fito daga Lugard Hall su yi zaman jin ra'ayi a cikin kasuwa, a Sheikh Abubakar Gumi ko a Panteka, da Hausa, a lokacin da ciniki ya lafa, da kun ji abin da ba ya zuwa muku a takarda. Ba sai an kafa rumfar biki ba, benci muna da shi.

Alhaji zango ɗaya ya yi. Da lokacin fid da gwani ya zagayo, aka ce sama ta tsayar da wani. Ya sayar da shago na biyu ya yi takara duk da haka, daliget suka karɓa suka zaɓi wanda aka ce musu. Cikin mako guda dakali ya koma wurin kwanciyar awaki. Waɗanda ke kiransa Honorabul tun daga nesa suka koma canza hanya. Shago na ukun kuwa ƙaninsa ya riga ya kai shi ƙasa, sai kanta da 'yan turame. Lokacin da ya sallame ni shekarun baya ya ba ni jari, da shi na buɗe inda nake yanzu, shi ya sa ba na iya ganinsa a tsaye ban tashi ba.

Yanzu kusan kullum bayan la'asar yakan zo ya zauna a bencin ƙofar shagona, in sa a kawo masa shayi. Ba ya son zancen majalisa, in an ɗauko sai ya juya ya kama zancen farashin shadda. Ran nan ina sallamar wata mata sai na waiga na ga ya jawo littafina ya ɗora a cinya, ya sa tabarau, yana bin layi da yatsa. Can ya ce, "Zo nan. Turmi nawa ka ce ka ba mai ɗinkin nan ranar Talata?" Na ce shida. Ya ce, "To ka rubuta kuɗin biyar." Na duba, haka ne.

Idan kwamitinku ya sa ranar zuwa kasuwa, ku aiko mana tun da wuri ta hannun shugabannin layi, mu share wuri. Zan roƙi Alhaji ya zo ya zauna a gaba, ku kuma ku taho da kasafin, a kwance.

Naku,
Wani mai sayar da yadi, Kaduna.